Gyaran da Ya Maƙale a Djougou

Tanti Lubabatu, salamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin fushi ya sa in aikata abin da ba zai gyaru ba. Na san wasiƙun da kika saba amsawa na zaman aure ne da rikicin maƙwabta, amma an gaya mini kin yi shekaru kina kula da na'urori a wata ma'aikata a Cotonou kafin ki ajiye aiki. Shi ya sa na zaɓe ki. Damuwata rabi ta na'ura ce, rabi ta ɗan'uwa, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya gane rabi ya bar rabi. Sunayen da zan ambata na sauya su.

Ni 'yar Zongon Parakou ce, shekarata ashirin da bakwai, sana'ata rubuta manhaja. Shekara biyu da suka wuce na rubuta wa wata ƙungiyar dillalan shanu da mahauta manhajar da ake buɗewa a waya ta intanet. Aikinta ɗaya ne. Idan likitan dabbobi ya yi wa saniya allura a ruga, sai ya shigar da lambar kunnenta da sunan maganin. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabbar, don kada mutane su ci nama da magani a jikinsa. Mahauci yana tsaye a kara zai buga lambar: in ya ga ja ya haƙura, in ya ga kore ya saya. Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa ba sun riƙe abin hannu bibbiyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da shi.

Manhajar tana zaune ne a cikin babbar na'urar da muke kira sabar, a ofishin ƙungiyar da ke Djougou. Mai kula da ita Yaya Hachimou ne, ɗan yayar mahaifiyata. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, kuma shi ya tsaya mini gaban dattawan ƙungiyar ranar da suka ce ba su taɓa jin mace ta yi irin wannan aiki ba. Na faɗi wannan ne don kada ki ce na manta alheri. Ban manta ba. Amma wanda ya yi maka alheri bai saye mutuncinka ba.

Yadda muke aiki, ni ina Parakou, in na yi gyara sai in tura shi ta intanet ya sauka a cikin sabar. Iyakar izinin da ya ba ni ke nan: in tura, in koma gefe.

Farkon watan jiya Dakta Soumaya, likitar dabbobin da ke zagaya rugagen Kolokondé, ta kira ni. Ta ce akwai allurar da ya kamata a jira kwana ashirin da takwas, amma manhajar tana nuna kore tun a kwana goma sha takwas. Na duba, na ga gaskiyarta. Ni ce na buga lambar ba daidai ba tun farko, ba a lura ba saboda ba a cika amfani da maganin ba sai daminar bana. Na amsa laifina. Cikin minti goma na gyara, na gwada a kwamfutata ya yi daidai, na tura Djougou, na rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiyar cewa an gyara, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Bayan kwana tara abin ya fashe a kan Baba Baƙo. Dattijon mahauci ne a kasuwar Arzèkè, tun ina yarinya wurinsa mahaifiyata take sayen nama, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya buga lambar wani bijimi, ya ga kore, ya saya, ya yanka. Mai duba nama a kwata ya karɓi katin allurar na takarda, ya ƙirga kwanaki, ya tarar ashirin da ɗaya ne. Nan take ya hana naman. Aka haƙa rami aka binne bijimi guda a gaban jama'a, dattijon yana tsaye da wuƙarsa a hannu. Yau mata suna wuce teburinsa suna raɗa wa juna cewa ga mai sayar da nama da guba. Mutumin da bai yi komai ba illa ya yarda da abin da na rubuta!

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Tambaya, ya kira taro a nan Parakou. Maza sun fi arba'in, ni kaɗai ce mace. Aka kira Yaya Hachimou a waya, aka ƙara murya kowa yana ji. Alhaji ya tambaye shi ko matsalar daga wajensa take. Tanti, kin san amsar da ya bayar? Ya ce, «Ni injina ko tari bai yi ba, yau kwanansa ɗari huɗu da sittin da biyu yana aiki. Ku tambayi wadda ta ce ta gyara.» Sai duk idanu suka juyo kaina. Wani dillali ya ce da ma ai an faɗa. Wani ya buɗe wayarsa ya karanta saƙona da ƙarfi, yana jan kalmar «an gyara» kamar mai tallan magani, aka yi dariya. Alhaji Tambaya ya dube ni ya ce kuskure kowa yana yi, amma ƙarya ita ce ba a so. Ƙarya! Ni! Na fito na hau zem, babur ɗin haya, har gida ban san ta inda muka bi ba.

Da na nutsu na bincika, sai na ga abin da ya ƙara tafasa mini zuciya. Gyarana yana nan a cikin sabar, da kwanan watan da na tura shi, ko wasali bai ɓace ba. Amma manhajar da ke aiki ba ta san da zamansa ba, tana nan tana bin tsohon lissafin da ta ɗauka tun ranar da aka kunna ta. A da ban taɓa lura da haka ba, domin wuta tana yawan ɗaukewa, na'urar tana mutuwa tana tashi, duk gyaran da na tura yana kamawa da kansa. Tun da ya sa mata sola da batir ba ta sake mutuwa ba, ni kuma a tsawon lokacin launi da rubutun shafi kawai nake canzawa, waɗannan kuwa suna fitowa nan da nan.

Na kira shi na ce Yaya, minti biyu kawai nake roƙo, a kashe ta a sake kunnawa, gyaran ya kama. Ya ce ba a kashe injinsa. Na yi masa bayani sau uku, da Hausa da Faransanci. Ya ce in rubuto a takarda, zai duba bayan an gama zagayen rigakafin shanu. Saura wata biyu a gama! Wata biyu manhajar tana nuna wa mahauta kore a inda ya kamata su ga ja, shi ko a jikinsa, in dai lambar kwanakinsa tana ƙaruwa. Har a bango yake rubuta ta da alli kowace safiya, kamar mai jiran a ba shi lambar yabo.

Zan faɗi hujjarsa don kada a ce na zalunce shi. Yana cewa in aka kashe, duk likitocin da ke daji suna shigar da bayanai za a watso su waje, abin da suka rubuta ya ɓace, kuma a wasu rugagen sai mutum ya hau tudu kafin ya sami rezo, wato sabis ɗin waya. Sannan akwai abin da ya faru bara. An kashe na'urar ranar wata Laraba, ta ƙi tashi har kwana uku, bayanan rigakafin dubban shanu suka salwanta, makiyaya da yawa suka ƙi sake tara garkensu. Dattawa suka yi masa wankin babban bargo, ya rantse a gabansu ba za ta sake mutuwa a hannunsa ba. E, ni ce na ce a kashe ta a ranar. Amma ni na ce ta ƙi tashi? Ni na saya masu tsohuwar na'ura? Shekara guda da wata uku yana riƙe da ni a ransa, sai yanzu ya sami ranar ramawa, ya rama a gaban maza arba'in.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Djougou da kaina. Ya tarbe ni a baranda, ya sa aka kawo mini ruwa kamar baƙuwa, makullin ɗakin na'urar yana rataye a wuyansa. Awa biyu muna abu ɗaya. Daga ƙarshe na ce masa shi ba ma'aikacin na'ura ba ne, gardi ne kawai mai gadin ɗaki, kuma ko gardi ya san lokacin da ake buɗe ƙofa. A gaban sakataren ofis na faɗa. Ya tashi ya shiga ciki. Kafin in iso Parakou mahaifiyarsa ta kira tawa. Yanzu Innata ba ta amsa gaisuwata da kyau, ta ce sai na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ni da aka kira maƙaryaciya, ni zan durƙusa? Ga shi matarsa ta haihu, suna ranar Talata, dangi duka za su taru.

Har yau ban sake rubuta komai a zauren ƙungiyar ba. Dakta Soumaya kaɗai na gaya wa cewa kuskuren yana nan. Me zan ce masu? Duk abin da na rubuta wani zai sake karantawa da ƙarfi a yi dariya.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar na gwada kalmar sirrinsa. Na san shi ciki da bai, a karo na biyu na cinka, ƙofa ta buɗe. Na rubuta umarnin da zai kashe na'urar ya sake kunna ta, yatsana yana kan madanni. Na fi minti ashirin a haka. Sai na tuna Larabar bara, na rufe. Amma kullum sai zuciyata ta ce in koma.

Kuma akwai wata kunyar. Na karanta cewa akwai hanyar da gyara yake kamawa ba tare da an kashe komai ba, amma ban fahimce ta sosai ba. Ni rubuta manhaja na koya, ba kula da sabar ba, kuma na gwammace in haɗiyi garwashi da in ce masa ban sani ba.

Tanti, in danna? In ajiye masu aikinsu su nemi namijin da suke so? Ko akwai wata hanya? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Wadda Aka Ƙaryata,
Zongo, Parakou

*

'Yata, wa alaikumus salam.

Kin nemi gaskiya, to ga ta, kuma zan fara da wadda ba ta jira.

Yau ɗin nan, kafin ki gama karanta amsata, ki rubuta a zauren ƙungiyar, ki kuma yi saƙon murya don waɗanda ba su karatu. Ki ambaci sunan allurar, ki ce duk dabbar da aka yi wa ita kada a dubi koren waya, a ƙirga kwana ashirin da takwas a katin takarda. Ke da bakinki kika ce rubutun shafi yana fitowa nan da nan in kin canza shi. To me ya hana ki liƙa wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe a shafin farko tun ranar da kika gano? Raina ya ɓaci da na kai wannan wuri a wasiƙarki. Kin san ana iya yanka wata dabbar gobe, yara su ci, amma kin yi shiru don kada a yi miki dariya. Dariyar dillalai ba ta kashe kowa. Kina zargin yayanki da fifita lambar kwanakinsa a kan lafiyar mutane, ke kuma kin fifita fuskarki. Laifi tudu ne.

Yanzu naki haƙƙin. An zalunce ki a taron nan. Ba ki yi ƙarya ba, kuma Hachimou ya san kina turo gyara, yana iya cewa a ba shi lokaci ya duba. Ya zaɓi ya wanke kansa ya jefa ƙanwarsa. Wannan ba halin babba ba ne. Cewa a jira wata biyu a kan abin da ya shafi cikin mutane kuwa, ba taka-tsantsan ba ne, taurin kai ne. In yana karanta wannan fili, ya ji daga bakin wadda ta yi aikinsa tun yana goye: ba don na'ura ta daɗe a kunne aka ɗauke ka ba, don ta faɗa wa mutane gaskiya ne.

Sai dai ki gane abin da ke cinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bara ke kika ce a kashe, shi ya tsaya gaban dattawa shi kaɗai. Ban ga inda kika ce kin je kin tsaya kusa da shi a ranar ba. Kuma «an gyara» da kika rubuta, a kwamfutarki kika gwada, ba a wayar mahauci ba. Da kin ɗauki minti ɗaya kin buga lambar saniya ɗaya a manhajar gaske, da bijimin Baba Baƙo bai shiga rami ba.

Ga abin da zai ba ki mamaki: ku duka biyu kuna faɗa ne a kan abin da ba a bukata. Ba sai an kashe na'urar ba.

Ki ɗauka manhajarki ma'aikata ne a bakin ƙofa. Da suka kama aiki sun karanta takardar umarni sau ɗaya, sun haddace, ba su sake kallonta ba. Kin zo kin canza takardar, su kuwa suna nan a kan haddarsu. Ke kina cewa a rufe gidan duka a sake buɗewa, shi yana cewa ba za a rufe ba. Abin da ake yi shi ne canjin ma'aikata. Sababbi su shigo su karanta sabuwar takarda su fara karɓar mutane, tsofaffi kowa ya sallami wanda ke gabansa sannan ya tafi. Ƙofa ba ta rufu ba ko na daƙiƙa ɗaya. A littattafanku na Faransanci shi ne recharger, ba redémarrer ba. Ban san da wane tsari kika gina taki ba, amma kusan duk waɗanda ake amfani da su yau suna da wannan umarni, layi ɗaya ne. Ki nemi na tsarinki. In kuma yana ajiye kwafin manhajar da ya riga ya sarrafa don sauri, a share wannan kwafin a lokaci guda, in ba haka ba sababbin ma'aikatan tsohuwar takarda za su tarar.

Tsoronsa game da likitocin daji gaskiya ne, kuma maganinsa a hannunki yake, ba a nasa ba. In manhajarki tana riƙe shaidar waɗanda suka shiga a cikin ƙwaƙwalwar ma'aikatan nan, to ko canjin ma'aikata zai watso su. Ki mayar da ita rumbun bayanai. Ki kuma sa wayar likita ta riƙa ajiye abin da ya rubuta har sai ta tabbatar ya isa. Wannan aikin kwanaki ne, kada gyaran gaggawa ya jira shi. A wannan karon ku sa lokaci, ku sanar da likitocin tun jajibiri cewa daga ƙarfe kaza zuwa minti biyar kowa ya dakata. Likita nawa ne? Ai ba su fi a kira su ɗaya bayan ɗaya ba.

Kada ki je masa da baki, ki je masa da abin gani. Ki ɗora kwafin manhajar a tsohuwar kwamfuta, ki kai masa, ki ba shi waya ya riƙa buga lamba da hannunsa, ki yi canjin yana kallo. Ki nuna masa hanyar komawa baya kuma, don ita ce za ta kwantar masa da hankali: kowane sabon gyara ya sauka a jakarsa daban, na jiya yana nan ba a taɓa shi ba, in na yau ya ba da matsala a juya zuwa na jiya a sake canjin ma'aikata. Sannan ki roƙe shi izini ɗan ƙarami, na wannan umarni shi kaɗai, da sunanki, ta yadda duk lokacin da kika yi zai gani. In bai yarda ba tukuna, shi ya riƙa dannawa kina kan waya. Ba faɗuwa ba ce.

Abu biyu kuma don gaba. A ƙasan kowane shafi ki sa lamba da kwanan watan gyaran da ke aiki, kuma kada ki sake cewa an gyara sai kin ga sabuwar lambar a wayar wani, domin waya ma takan riƙe tsohon shafi. Na biyu, kwanakin jiran magani ba su da dalilin zama a cikin ƙashin manhaja. Ki fito da su cikin jadawalin da Dakta Soumaya za ta iya gyarawa da kanta, wani likitan ya tabbatar. Da haka aka yi tun farko, da wannan rigima ba ta taso ba.

Shi kuma Hachimou, na'urar da ake tsoron kashewa ba lafiyayya ba ce. Wata rana batir zai gaza, ta mutu ba da shawararsa ba, a ranar da ba ta dace ba. Bayan zagayen rigakafi ku zauna tare, ku kwafe bayanan duka a wani wuri, ku tabbatar kwafin yana buɗuwa, ku kashe ta da gangan ku ga abin da ya hana ta tashi bara. Rantsuwar da ya yi cikin kunya ba ta fi amanar da aka ba shi ba.

Batun haƙuri: ki ba shi a kan kalmar gardi, domin kin faɗe ta don ki ƙona shi, kuma a gaban na ƙasa da shi. Kada ki ba shi a kan neman gyara. Ki raba masa su biyun a fili. Ki je kafin Talata, kada ki kai rigimar aiki gidan suna. Ki ce masa akwai abin da ba ki sani ba a aikin sabar, ya nuna miki. Ba za ki mutu ba. Idan gyaran ya kama, ku nemi Alhaji Tambaya ya sake tara mutanen nan, Hachimou ya faɗa da bakinsa cewa gyaranki ya iso a ranar da kika ce. Wannan haƙƙinki ne, ki nema ba tare da ɗaga murya ba. In ya ga hujja ya sake ƙi, ki kai maganar gaban Alhaji a rubuce, tare da likitar. Baba Baƙo kuwa, ki taka har teburinsa da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika, ki faɗa kowa yana ji cewa kuskuren naki ne. Ƙungiya kuma ta san abin da ya kamata ta yi masa. Ajiye aiki a yanzu gudu ne, kuma masu cewa da ma an faɗa za ki yi wa daɗi.

Saura kalmar sirri. Kada ki danna. Ki gaya masa kin shiga, ya canza ta. Na san wannan zai fi miki durƙuso ciwo, amma na'ura tana rubuta duk wanda ya shige ta, gara ya ji daga bakinki. Ni na taɓa danna irin wannan madanni, ina kusan shekarunki, a bayan idon wani abokin aikina mai taurin kai. Komai ya tafi daidai, gyarana ya kama, har aka yaba mini. Bayan mako ɗaya ya gani. Bai kai ƙarata ba, bai zage ni ba. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara a ɗaki ɗaya, kullum yana gaishe ni da ladabi, amma bai sake tashi ya bar ni ni kaɗai da na'urarsa ba, ko da alwala zai je sai ya kulle. Ina da gaskiya a kan gyaran, kuma har yau in na tuna sai in ji da ma na jira.

Allah Ya huci zuciyarki, Ya raya abin da aka haifa, Ya mayar wa dattijon nan da mutuncinsa, ku kuma Ya daidaita tsakaninku.

Tantinki,
Lubabatu